Kamfanin Motown: Wa Ya Yi Waƙar, Wa Ya Ci Kuɗin?

 

Da aka ce in zo in yi magana a kan tarihin wani babban kamfanin faifai, wani abokina ya ce mini, "Malam, duk kamfanonin duniya ka rasa wanda za ka ɗauko sai na Amurka?" Na ce masa ai shi ma ya san hajar kamfanin, sunan ne kawai bai sani ba. Duk wanda ya taɓa jin muryar Michael Jackson yana yaro, ko Stevie Wonder, ko Diana Ross, ko Lionel Richie, to ya sha ruwan wannan rijiya. Ni kaina a ɗakin yayana na fara cin karo da shi. Yana da wani faifan garmaho da abokinsa ya kawo masa tsaraba daga Amurka, ba ya bari kowa ya taɓa, sai ya goge shi da ƙyalle kafin ya ɗora allura. A tsakiyar faifan akwai takarda shuɗiya mai ɗauke da 'yar taswira, an sa tauraro a kan wani gari. Idan faifan yana juyawa sai in zuba wa tauraron nan ido har jiri ya ɗebe ni. Sai da na girma na san garin Detroit ne, kamfanin kuma Motown.

Detroit garin ƙera motoci ne, can arewacin Amurka, a jihar Michigan. Sunan Motown ma daga laƙabin garin aka yanko shi, wato garin mota. Tun daga 1914, lokacin da Henry Ford ya fara biyan leburorinsa dala 5 a yini, baƙar fata suka riƙa kwararowa daga kudu, suna gudun gonakin auduga da dokokin wariya da kisan gilla. Cikin waɗanda suka yi wannan ƙaura har da wani magidanci daga jihar Jojiya, Berry Gordy babba, wanda ya iso a 1922. Shi da matarsa Bertha mutane ne masu neman na kansu: kantin kayan masarufi, aikin shafen gini, ɗab'i, inshora, babu wanda ba su taɓa ba. 'Ya'yansu takwas. Na bakwai, wanda aka haifa a 1929 aka sa masa sunan uban, shi ne ake ganin ba zai yi abin kirki ba.

Kuma da farko kamar maganar za ta tabbata. Ya bar makaranta ya shiga dambe. Ya tafi soja lokacin yaƙin Koriya. Ya dawo ya buɗe kantin sayar da faifan jaz, alhali mutanen unguwa kiɗan bulus suke nema, shi kuwa yana ganin ya fi su sanin abin da ya kamata su saurara. Kanti ya karye. Daga nan sai masana'antar Lincoln-Mercury ta kamfanin Ford, inda ya tsaya a layin haɗa motoci. Ku riƙe wannan layi a ranku, domin duk abin da zan faɗa yau daga gare shi ya taso. Ƙarfe ne tsirara yake shigowa ta wannan ƙofa, wannan ya ɗaura taya, wancan ya sa kujera, wani ya fesa fenti, kafin ya kai ɗaya ƙofar ya zama mota mai walƙiya. Gordy ya sha faɗa da bakinsa cewa a nan ya samo dabarar: me zai hana yaro ya shigo daga titi ba wanda ya san shi, ya fita ta ɗaya ƙofar yana tauraro?

Amma ba dabara ce ta tura shi kafa kamfani ba, takaici ne. Ya iya rubuta waƙa, har ya rubuta wa Jackie Wilson waƙoƙin da suka yi kasuwa a 1957 da 1958. Sai dai faifai yana tafiya, aljihunsa ba ya motsi. Wata rana aka aiko masa da cekin ladan wani faifai da ya shirya wa ƙungiyar Miracles: dala 3 da santi 19. Jagoran ƙungiyar, wani saurayi mai suna Smokey Robinson, ya dubi cekin ya ba shi shawara cewa in dai wannan ne abin da ake samu, gara ya buɗe nasa.

Gidan Gordy suna da asusu irin na adashi, kowa yana zuba dala 10 a wata, ba a ba da rance sai an zauna an amince. Ya nemi a ba shi. Yayarsa Esther, wadda ta san tarihin kantin da ya karye, ta titsiye shi da tambayoyi. A ƙarshe aka ba shi dala 800, da takarda, da sa hannu, da lokacin biya. Ranar 12 ga Janairun 1959 ya kafa kamfani da sunan Tamla, a 1960 kuma aka yi rajistar Motown. Ya sayi wani gida mai hawa biyu, lamba 2648 a titin West Grand Boulevard, ya tare a sama da iyalinsa, ƙasa ta zama ofis, garejin baya ya zama sutudiyo. Ya kafa allo a goshin gidan ya rubuta Hitsville U.S.A., wato garin waƙoƙin da suka ci kasuwa, alhali a lokacin kamfanin bai yi nisa ba tukuna. Mu a nan da mun ce cika baki ne.

Ba a daɗe ba bakin ya cika da gaske. "Shop Around" ta Miracles ta sayar da kwafi miliyan ɗaya a farkon 1961. A ƙarshen shekarar, wasu 'yan matan sakandare daga wani ƙaramin gari kusa da Detroit, Marvelettes, suka kai "Please Mr. Postman" matsayi na ɗaya a jadawalin mujallar Billboard. Domin ku gane nauyin wannan, sai kun san yadda kasuwar take. Har zuwa 1949 jadawalin waƙoƙin baƙar fata sunansa faifan launin fata, an ware shi gefe guda. Abin da aka saba shi ne, baƙi su yi waƙa, wani Bature ya sake rera ta a sanyaye, gidajen rediyo su sa tasa, shi ya kwashi kuɗin. Gordy ya ce shi babban jadawalin yake so, na kowa da kowa. Taken kamfaninsa ma bai ambaci launin fata ba, cewa ya yi sautin matasan Amurka. Ya ɗauko Bature, Barney Ales, ya ba shi sashen ciniki, saboda dillalai su biya bashi in an je karɓa. Wasu bangunan faifai na farko ko hoton mawaƙan ba a sa ba. Na Marvelettes zanen akwatin wasiƙa ne, don kada mai kanti a kudu ya ga baƙar fuska ya ƙi ajiyewa. Akwai masu zarginsa da wannan har gobe. Ni dai ina ganin wanda bai shiga kasuwar da ake korar sa da sanda ba, bai kamata ya yi saurin koya wa mai talla yadda zai ɗauki farantinsa ba.

To yanzu mu shiga cikin masana'antar mu ga yadda layin yake.

Tasha ta farko marubuta da masu shirya waƙa ne, kuma gasa aka haɗa su. Smokey Robinson yana nan, Norman Whitfield yana nan, ga kuma mutum uku da suka fi kowa zafi: Brian Holland, Lamont Dozier da Eddie Holland. Wanda waƙarsa ta ci kasuwa da wani mawaƙi, shi ke da mawaƙin a faifai na gaba. In ta faɗi, a miƙa wa wani. Ran Juma'a da safe ake zaman tantancewa, wanda ya makara ya tarar an kulle ƙofa. A sa faifai, kowa ya faɗi ra'ayinsa, a kaɗa ƙuri'a. Tambayar da Gordy ya shahara da ita a zaman nan ita ce: kana jin yunwa, kuɗin da ke hannunka na abu ɗaya ne, za ka sayi faifan nan ko abinci? Sannan ba da manyan lasifikoki kaɗai suke auna sauti ba. Sun haɗa wata 'yar ƙaramar lasifika mai kama da ta rediyon mota, domin sun san a mota da ƙaramar rediyon hannu matasa za su ji waƙar. Abin da bai fito a nan ba, a koma a gyara. Wannan ya sa kiɗan Motown yake da duka mai ƙarfi, da tafi, da ƙaramin bandiri mai kacau-kacau da ke ratsa kowace hayaniya.

Zaman tantancewar ba ma'asumi ba ne. Ya taɓa danne "I Heard It Through the Grapevine" ta Marvin Gaye fiye da shekara, da ta fito a 1968 sai ta zama faifan da ya fi kowane ciniki a kamfanin zuwa lokacin.

Akwai kuma tashar da na fi sha'awa, tashar tarbiyya. Yawancin yaran nan daga gidajen gwamnati na talakawa suka fito. Diana Ross, Mary Wilson da Florence Ballard, wato Supremes, 'yan rukunin gidajen Brewster-Douglass ne. Aka ɗauko wata mata, Maxine Powell, ta koya musu tafiya, zama, riƙe cokali, fita daga mota, amsa tambayar ɗan jarida. Takan ce musu tana shirya su ne don fadar Sarauniyar Ingila da fadar shugaban Amurka, su kuwa suna dariya. Ita ce ta hana Marvin Gaye rera waƙa ido a rufe, ta ce sai ka ce mai barci. Cholly Atkins, tsohon ɗan rawa, shi ya tsara takun da Temptations suka yi suna da shi. Kamar dai yadda ake kai amarya wajen gwaggo kafin biki, a gyara mata harshe da zama.

Supremes sun daɗe ba su yi kasuwa ba, har ana yi musu ba'a a cikin gida. Sai a 1964 Holland da Dozier da Holland suka ba su "Where Did Our Love Go", daga nan waƙoƙi 5 a jere suka hau matsayi na ɗaya, jimilla kuma 12 kafin ƙarshen 1969. A shekarun da Beatles suka mamaye Amurka, su ne ƙungiyar gida da ta iya ja da su. Su Beatles ɗin ma, a kundinsu na biyu na 1963, waƙoƙin Motown uku suka sake rerawa. Tsakanin 1961 da 1971 kamfanin ya sa waƙoƙi 110 cikin goman farko. Daga gareji.

Kada a ɗauka hanyar shimfiɗaɗɗiya ce. A 1962 aka zuba mawaƙan a bas aka zaga da su, har cikin kudu. A can suka tarar da zauren da aka raba da igiya, farare gefe, baƙaƙe gefe. Gidan mai ya hana su banɗaki. A Birmingham ta jihar Alabama aka harbi motarsu. Yara ne 'yan arewa, wasunsu ba su taɓa ganin wariya tsirara haka ba. A 1963 kamfanin ya fitar da faifan jawabin da Martin Luther King ya yi a babban tattakin Detroit na watan Yuni. Ban da irin wannan, Gordy ya fi son a bar siyasa a waje, a yi waƙar soyayya.

Yanzu na zo inda nake so mu daɗe.

Garejin nan da na ambata, ma'aikata suna kiransa ramin macizai, saboda wayoyin makirfo da ke reto daga rufi. A cikinsa akwai wasu mutane da ke zaune kusan dare da rana, makaɗa, waɗanda aka tsinto daga gidajen rawa na Detroit inda suke kaɗa jaz. Sun sa wa kansu suna Funk Brothers. Earl Van Dyke a kan fiyano, Benny Benjamin a kan ganguna, Robert White da Joe Messina da Eddie Willis a kan jita, da James Jamerson mai babbar jitar nan ta bes, mai kaurin murya. Da yatsa ɗaya Jamerson yake kaɗawa, kuma ba ya canza tsirkiya sai ta tsinke. Kafin shi, aikin bes shi ne ta tsaya a baya tana ƙirga taku. Shi ya mayar da ita mai magana, tana zagaya muryar mawaƙi, tana amsa masa. Paul McCartney na Beatles ya sha faɗin cewa daga gare shi ya koya. Mai shirya waƙa yakan shigo da 'yar takarda da 'yan alamomi, su waɗannan mutane su mayar da ita waƙa cikin awa guda, su wuce ta gaba.

Sama da shekara 10 ba a rubuta sunayensu a bangon faifan mawaƙan da suka kaɗa wa ba. Kuɗin zama ake biyansu, a tashi a watse. Faifai ya sayar da miliyan, ba su da kaso. In aka kama mutum ya je ya kaɗa wa wani kamfani a ɓoye, a ci shi tara. Mu ma nan mun san irin wannan. Ba wanda bai san Alhaji Mamman Shata ba, amma in na ce a ɗaga hannu a lissafa mini masu kalangunsa da 'yan amshinsa, hannu nawa zan gani a zauren nan? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Su mawaƙan da ake gani a talabijin fa? Nasu ya fi na makaɗa, amma ku duba yadda aka ɗaure abin. Kamfanin da ke ɗaukar muryarka na Gordy ne. Kamfanin da ke riƙe da haƙƙin mallakar waƙar da aka rubuta, Jobete, na Gordy ne. Sunan ma daga sunayen 'ya'yansa uku aka harhaɗa shi. Kamfanin da ke matsayin manajanka, wanda ya kamata ya tsaya maka a yi ciniki da kamfanin faifai, shi ma na Gordy ne. Kuɗin sutudiyo, na tufafi, na tafiya, duk daga kasonka za a cire. Da yawansu suna ƙasa da shekara 21 suka sa hannu, iyayensu leburori ne da ba su taɓa zama da lauya ba. Mai shari'a shi ne mai ƙara, shi ne kuma shaida.

Mary Wells ce ta fara tayar da ƙura. Tana da shekara 17 ta shiga, ta yi "My Guy" a 1964, tana cika 21 ta ce yarjejeniyar yarinta ba ta hau kanta ba, ta koma wani kamfani. Ta sami kuɗin hannu, amma ta bar marubutanta da makaɗanta a baya, ba ta sake yin waƙar da ta kai waccan ba. Ta rasu a 1992 da ciwon dajin maƙogwaro, sai da abokan sana'a suka yi mata karo-karon kuɗin magani. Florence Ballard, wadda da ita aka kafa Supremes, aka cire ta a 1967, shekarar da aka sa sunan Diana Ross a gaban na ƙungiyar. Ta kai ga karɓar tallafin gwamnati na marasa galihu, ta rasu a 1976 tana da shekara 32. Holland da Dozier da Holland suka nemi ƙarin kaso, ba a daidaita ba, suka fice a 1968, aka shiga kotu shekara da shekaru. Wani abin dariya mai ciwo: waƙar farko da ta kawo wa kamfanin kuɗi sunanta "Money", Barrett Strong ya rera. Sunansa yana cikin marubuta a rajistar farko, daga baya aka cire. Shi ya ce da shi aka rubuta, lauyoyin kamfani suka ce kuskuren magatakarda ne tun asali.

Zan yi wa Gordy adalci. Kamfanonin Turawa na lokacin ba su fi shi tausayi ba, da yawa sun fi shi mugunta, kuma ba su koya wa kowa riƙe cokali ba. Wasu kamfanonin baƙar fata da suka yi sakaci da lissafi, irin su Vee-Jay ta Chicago, karyewa suka yi. Riƙon da ya yi wa kuɗi shi ya sa Motown ta rayu har ta zama kamfani mafi girma mallakar baƙar fata a Amurka a shekarun 1970. Amma mutumin da cekin dala 3 da santi 19 ya fusata har ya kafa kamfani, ya fi kowa sanin zafin abin. Bai rushe tsarin da ya cuce shi ba. Kujera ya canza.

Mutum biyu ne suka karya layin daga ciki. Na farko Marvin Gaye, wanda surukin gidan ne, yana auren Anna yayar Gordy. A 1967 Detroit ta kama da wuta, tarzoma ta ci rai 43. Ƙaninsa Frankie ya dawo daga yaƙin Biyetnam da labarai marasa daɗi. Abokiyar waƙarsa Tammi Terrell ta rasu a 1970 tana da shekara 24. Ya ce shi ya gaji da waƙar soyayya, ya shirya "What's Going On" da kansa. Gordy ya ƙi ta. Marvin ya yi yaji, ya ce ba zai sake ɗaukar komai ba sai an fitar. Aka fitar a Janairun 1971, kasuwa ta yi wawa a kanta, sai ga mai gida da kansa yana neman a kammala kundi cikin gaggawa. A bangon wannan kundi ne aka fara buga sunayen makaɗan. Abokan aikin Jamerson sun ce daga wata mashaya aka ɗauko shi a daren, bai iya zama a kujera ba, a kwance rigingine ya kaɗa abin da masana ke nazari har yau.

Na biyu Stevie Wonder, makaho, wanda aka kawo yana ɗan shekara 11. A gidan akwai injin sayar da alewa, aka bar irin wadda yake so a rami ɗaya ba a canzawa, don ya lalubo da kansa. Yana da shekara 13 ya hau matsayi na ɗaya. Shi ya ga abin da ya sami Mary Wells, ya ɗauki darasi. Da ya cika 21 a 1971 bai gudu ba, bai kuma sabunta ba. Ya karɓi kuɗinsa da aka ajiye masa, ya tafi New York ya yi ta ɗaukar waƙoƙi da kuɗin aljihunsa, ya ɗauki lauya, sannan ya dawo teburin ciniki da kaya a hannu. Ya sami ikon shirya waƙarsa yadda ya so, da kaso mai tsoka, da kamfaninsa na haƙƙin mallaka. Abin da ya biyo baya: kyautar Grammy ta kundin shekara sau 3 cikin shekara 4. Ta ukun ma yana Legas aka ba shi, a 1977, ya zo bikin FESTAC. Aka haɗa shi da zauren bikin ta tauraron ɗan'adam, layi ya yi ta yankewa, mai gabatarwa Andy Williams ya ruɗe har ya tambayi makaho ko yana ganinsu. 

Saura zan bi da sauri. 'Yan gidan Jackson biyar suka zo daga garin Gary, waƙoƙinsu 4 na farko a Motown duk suka hau matsayi na ɗaya a 1970. Da suka nemi rubuta nasu aka hana, suka koma kamfanin Epic a 1975, sai suka tarar ko sunan Jackson 5 ba nasu ba ne, na kamfani ne. Jermaine kaɗai ya tsaya, don yana auren 'yar Gordy. A 1972 kamfanin ya kwashe ya koma Los Angeles neman harkar fim, Diana Ross ta fito a Lady Sings the Blues. Makaɗan sun ce a jikin ƙofa suka ga sanarwa. Commodores da Lionel Richie da Rick James sun riƙe kamfanin zuwa shekarun 1980, amma Diana Ross ta tafi, Marvin Gaye ya tafi, kuma a 1984 mahaifinsa ya harbe shi.

A 1983 aka yi bikin cikar kamfanin shekara 25 a talabijin, daren da Michael Jackson ya yi tafiyar nan tasa ta baya-baya da duniya ta ɗauka, da waƙar da ba ta Motown ba ce. Jamerson ya bi kamfanin zuwa Los Angeles, aiki ya yi ƙaranci, giya ta ci ƙarfinsa. Ba ya kan dandamali a daren. Ya rasu a watan Agustan shekarar, yana da shekara 47.

Ga lissafin da nake so ɗalibai su rubuta. A 1988 Gordy ya sayar da kamfanin faifan ga MCA da Boston Ventures a kan dala miliyan 61. Bayan shekara 5 PolyGram ta saye shi a kan kusan dala miliyan 300. Yau yana ƙarƙashin Universal. Amma bai haɗa da Jobete ba. Ya riƙe takardun mallakar waƙoƙin, sai a 1997 ya sayar wa EMI rabi kawai a kan dala miliyan 132. Rabin takarda ya ninka kuɗin kamfani sukutum fiye da sau biyu. Sutudiyo yana tsufa, murya tana dushewa, amma duk lokacin da aka sa waƙar a rediyo, ko fim, ko tallar sabulu, mai takarda ake biya. Yaron da ya tashi a gidan ya ga wannan da idonsa: a 1985 Michael Jackson ya sayi kamfanin ATV, mai riƙe da waƙoƙin Beatles, a kan dala miliyan 47 da rabi. Na san a zauren nan akwai masu shiga sutudiyo, a ba su kuɗin hannu su bar waƙa gaba ɗaya, ba takarda, ba shaida. Ba zan ce kada ku karɓa ba, na san halin da ake ciki. Amma ku tambayi sunan wa za a rubuta, kuma ku da ke rera waƙar ku tambaya wa mai kiɗan ma.

Gidan West Grand Boulevard yana nan. Esther, yayar nan da ta yi gardamar ba da rancen dala 800, ita ta ƙi barin Detroit, ta adana takardu da hotuna, ta mayar da shi gidan tarihi a 1985. Makaɗan da suka rage kuwa sai a 2002 aka yi fim a kansu, a 2004 aka ba su Grammy ta girmamawa, bayan da dama sun riga mu gidan gaskiya.

In kun koma gida, ku nemi "My Girl" ta Temptations a wayoyinku. Kafin mawaƙinsu David Ruffin ya buɗe baki za ku ji bes tana bugawa kamar zuciya, wannan James Jamerson ne. Sai jita ta biyo tana hawa kamar mai taka tsani, wannan Robert White ne.